Gwiwa a Ƙasa, Rubutu a Riga: 'Yan Wasa Kirista da Nuna Bangaskiya a Bainar Jama'a

(Jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiya, tsohon hedimasta, ya gabatar a taron shekara-shekara bisa gayyatar Kwamitin Matasa da Wasanni)



Da takardar kwamiti ta iso hannuna sai da na karanta ta sau biyu, domin na zaci an yi ɓatan kai ne wajen aikowa. Ni dai ba fasto ba ne, ba limami ba ne, rabona da taka leda kuwa tun gwiwoyina suna jin maganata. Amma da na ga batun da ake so in tattauna, sai na gane dalili: an nemi wanda ya daɗe yana raba faɗan yara ne. Wannan kam na yi shi har shekara talatin da biyar.

Waɗanda suka zo gida hutun ƙarshen shekarar da ta wuce sun san abin da ya faru a wasan kusa da na ƙarshe na gasar kofin ƙungiya. Wani yaro ya zura ƙwallo a raga, ya sheƙa a guje, ya ɗaga riga, sai ga singileti da rubutu a ƙirji, cewa shi na Yesu ne. Na san yaron, na koyar da mahaifinsa, kuma na tabbata ba da mugun nufi ya yi ba. Sai dai inda ƙafarsa ta tsaya shi ne daidai gaban 'yan kallon ɗaya unguwar. Ranar wasan ƙarshe sai ga waɗansu sun iso da nasu singiletin da nasu rubutun. Allah ya taƙaita, ba a kai ga jifa ba, amma an tashi rai a ɓace, aka miƙa kofi rabin fili babu kowa. Tun daga ranar kwamiti ya rabu gida biyu. Waɗansu sun ce a hana duk wata alamar addini a fili, har durƙuso da sujada. Waɗansu sun ce a bar kowa ya yi abin da zuciyarsa ta ba shi.

Yaron nan ba shi ya ƙago abin ba, a gidan kallo ya gani. Ranar 27 ga Afrilu, 2025, da Liverpool ta doke Tottenham da ci 5 da 1 ta lashe gasar Firimiya ta Ingila, Cody Gakpo ɗan ƙasar Holan ya ci ƙwallo ya tuɓe riga ya nuna waɗannan kalmomi daidai. Shi ma ba shi ne na farko ba. Tunda al'adar baƙuwa ce, ku ba ni dama mu bi sawunta zuwa gidansu, mu ga yadda masu ita suka yi ta jayayya a kanta, sa'an nan mu dawo mu dubi namu filin.

Zan fara da mutumin da ya nuna bangaskiyarsa ta hanyar ƙin gudu. Eric Liddell ɗan Sikotilan ne, an haife shi a 1902 a birnin Tianjin na ƙasar Sin, inda iyayensa suke aikin mishan. Yana cikin waɗanda suka fi kowa gudun gajeren zango a Biritaniya, ƙasar kuma ta ɗora ransa a kansa a tseren mita 100 na wasannin Olamfik da aka yi a Paris a 1924. Da jadawali ya fito, watanni kafin gasar, sai aka ga tseren share fage ya faɗo ranar Lahadi. Liddell ya ce ba zai gudu ba, domin a fahimtarsa ranar ta ibada ce da hutu. Aka yi lallashi, aka yi matsi, waɗansu suka zarge shi da fifita ra'ayinsa a kan ƙasarsa, bai gusa ba. Ya koma ya shirya wa tseren mita 400, wanda ba a ɗauke shi gwaninsa ba, ya kuwa ci lambar zinariya cikin daƙiƙa 47.6, ya haɗa da ta tagulla a mita 200. Shekara guda bayan haka ya bar suna da tafi, ya koma Sin ya ɗauki alli. Ya rasu a watan Fabrairu na 1945, yana da shekara 43, a sansanin Weihsien inda sojojin Japan suka tsare baƙi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Akwai wani ɓangare na labarinsa da ba a cika faɗa ba, alhali ni a wurina shi ne kan magana. Waɗanda suka zauna da shi a sansanin sun ba da labarin cewa shi ne yake shirya wa yara wasanni, amma da farko ya ƙi yi musu alƙalanci ranar Lahadi. Yaran suka yi wasansu su kaɗai, wasa ya ƙare da dambe. Lahadin da ta biyo baya sai ga Liddell a fili yana alƙalanci. Wato mutumin da ya yarda ya rasa zinariya saboda Lahadi bai yarda yara su fasa wa juna kai saboda Lahadi ba. Ku lura kuma da cewa shaidarsa kansa ta ci, ba ta ci kowa ba. Bai ce a ɗage tseren ba, bai zagi waɗanda suka gudu ba.

Rubutu a riga kuwa, 'yan Birazil ne suka fi yaɗa shi a duniya. Tun farkon shekarun 1980 wani mai tsaron gida, João Leite na ƙungiyar Atlético Mineiro, tare da waɗansu abokansa, suka kafa ƙungiyar 'yan wasa masu bin Almasihu da suka kira Atletas de Cristo. Abin ya yi ta bunƙasa har ranar 30 ga Yuni, 2002, da Birazil ta doke Jamus da ci 2 da nema a Yokohama ta ɗauki Kofin Duniya: 'yan wasa suka durƙusa cikin da'ira a tsakiyar fili, waɗansu kamar Lúcio da Edmílson da Kaká suna sanye da singileti masu saƙon addini. Hoton da ya fi zama a zukatan mutane shi ne na Kaká a birnin Atina a watan Mayu na 2007, bayan AC Milan ta doke Liverpool da ci 2 da 1 a wasan ƙarshe na gasar Zakarun Turai, yana durƙushe, hannuwa sama, rubutu a ƙirji. Kaká yana da dalilinsa. Yana ɗan shekara 18 ya yi hatsari a wurin ninƙaya, ƙashin bayansa ya tsage, har aka ji tsoron zai iya shanyewa. Da ya warke sai ya ɗauki sauran rayuwarsa a matsayin kyauta. Wanda ya san wannan ba zai yi saurin kiransa mai neman suna ba.

Tsiyar ta tashi ne a 2009. A wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Nahiyoyi a Johannesburg, Amurka ta fara cin Birazil biyu, Birazil ta farke ta ƙara ɗaya, Lúcio ne ya ci ta ukun. Aka sake durƙuso da nuna riguna. Babban sakataren hukumar ƙwallon ƙafa ta Denmak, Jim Stjerne Hansen, ya fito ya ce addini ba shi da gurbi a ƙwallo, ya nemi a tsawata. FIFA ta aika wa hukumar Birazil takardar jan kunne.

A nan ya kamata mu san abin da dokar ta ce, domin na ji ana ta kafa hujja da ita a majalisun shayi ba tare da an karanta ta ba. Majalisar da take tsara dokokin ƙwallon ƙafa, wato IFAB, ta sa a Doka ta 4 cewa kayan wasa kada su ɗauki saƙon siyasa ko na addini ko na ƙashin kai, a taronta na watan Maris na 2014 kuma ta ƙarfafa hanin a kan rigar ciki. A wannan zama dai ta amince a riƙa rufe kai saboda addini, abin da ya buɗe wa mata masu hijabi da mabiya addinin Sikh masu rawani ƙofa. Tuɓe riga wajen murna yana jawo katin gargaɗi tun 2004, ko da babu rubutu. Amma durƙuso, da alamar gicciye, da nuna sama da yatsa, da sujada, babu wanda dokar ta haramta. Abin da ta ce alƙali ya hukunta shi ne murnar da take ɗauke da tsokana ko izgili ko tunzura jama'a. Saboda haka waɗanda suke cewa mu hana komai don mu yi daidai da dokar duniya, sun wuce dokar duniyar da nisa.

Masu adawa da nuna addini a fili suna da hujjoji, kuma bai kamata mu yi musu kallon marasa tsoron Allah ba. Turai ta sha yaƙe-yaƙen addini na tsawon ƙarnuka, har ta kai ga ganin zaman lafiya shi ne kowa ya bar ibadarsa a gida. Faransa ta raba gwamnati da majami'a da doka tun 1905, har ta kai ga hana 'yan wasanta mata sa hijabi a Olamfik na Paris a 2024. Mutumin da ya tashi a irin wannan gida, idan ya ga da'irar masu addu'a a tsakiyar fili, ba godiya yake gani ba, mafarin rigima yake hange. Suna kuma cewa rigar ƙungiya ba ta ɗan wasa ba ce. Ta dubban magoya baya ce, masu addinai iri-iri da marasa addini, waɗanda suka biya kuɗin shiga don kallon ƙwallo, ba don sauraron wa'azi ba. Wannan hujja ta biyu tana da nauyi, ni ma na karɓe ta.

Abin sha'awa shi ne, suka mafi zafi daga cikin Kirista kansu take fitowa. Masu goyon baya suna kafa hujja da sura ta 5 ta Bisharar Matiyu, inda aka kwatanta mai bi da fitilar da ba a kunna ta don a rufe. Masu suka suna buɗe sura ta 6 ta wannan littafi dai, inda aka yi gargaɗi mai tsanani a kan yin addu'a a kan hanya don mutane su gani. Shafi ɗaya ne tsakani. 'Yan'uwa Musulmi suna kiran wannan cuta riya, kuma kowane ɓangare ya san cewa ba a gane ta da ido, domin a zuciya take. Sai kuma tsohuwar tambaya da ɗalibaina suka sha yi mini: Malam, shi mai tsaron gidan da aka ci, bai yi addu'a ba ne? Masu hankali daga cikin 'yan wasan suna amsawa da cewa ba don nasara suke godiya ba, don lafiya ne da baiwar da aka ba su. Amsa ce mai kyau, tana kuma da ma'auni mai sauƙi: a dube su ranar da aka lallasa su. Wanda ya durƙusa ranar ci, ya kuma durƙusa ranar rashi, na gaskata shi. Wanda addininsa ba ya fitowa sai raga ta motsa, to, ban ce komai ba.

A gefe guda, ina jin tausayin ɗan wasan da jama'a suka mai da shi allon tallan addininsu. Jonathan Edwards na Ingila, gwanin tsalle mai taki uku, ɗan limamin majami'a ne. Ya ƙi shiga gasar duniya ta 1991 saboda Lahadi, a 1993 ya sauya fahimta, a 1995 ya yi tsallen mita 18.29 a Gothenburg, ya ci zinariya a Sydney a 2000. An yi ta kafa misali da shi a kan mumbari. A 2007 ya fito ya ce bangaskiyarsa ta tafi. Waɗanda suka gina imanin 'ya'yansu a kan tsallensa, sai suka rasa abin faɗa.

Yanzu ku biyo ni birnin Glasgow na Sikotilan, domin a can ne darasin da ya fi kusa da namu yake. Birnin yana da manyan ƙungiyoyi biyu. Celtic, 'yan ci-rani Katolika daga Ailan ne suka kafa ta a 1887. Rangers kuwa ta shahara da goyon bayan 'yan Furotesta, har ta shafe shekaru masu yawa ba ta ɗaukar fitaccen ɗan wasa Bakatolike, sai a 1989 da ta ɗauki Mo Johnston. Duka ɓangarorin Kirista ne, ku lura. A watan Janairu na 1998 Paul Gascoigne na Rangers ya kwaikwayi busa sarewa a gaban magoya bayan Celtic. Busa sarewa ba saɓo ba ne, amma a can alama ce ta jerin gwanon 'yan Furotesta masu tuna nasarar da aka yi a kan Katolika a yaƙin 1690. Ƙungiyarsa ta ci shi tarar fam 20,000. A 2006 kuma hukuma ta yi wa mai tsaron gidan Celtic, Artur Boruc ɗan ƙasar Folan, gargaɗi a kan abin da ya yi a gaban magoya bayan Rangers. Jaridu suka ce don ya yi alamar gicciye ne, shugabannin Katolika suka fusata, sai ofishin masu gabatar da ƙara ya fito ya bayyana cewa ba gicciyen aka hukunta ba, waɗansu alamu ne na tsokana da ya haɗa da su. A 2008, bayan Celtic ta doke Rangers, Boruc ya nuna singileti mai hoton Paparoma John Paul na Biyu.

Dubban 'yan wasa suna yin alamar gicciye kowane mako a Italiya da Ajantina da Sifaniya, babu mai ɗaga kai. Alama ɗaya ce, hannu ɗaya ne, amma a Glasgow tana iya tayar da gari. Abin da ya bambanta su shi ne wurin, da tarihin wurin, da kuma inda mai yin ya fuskanta. Akwai mai ɗaga hannu yana magana da Ubangijinsa, akwai mai ɗaga hannu yana magana da abokin gaba ya fake da sunan Ubangiji. 'Yan kallo kuwa ba yara ba ne, suna gane bambancin tun kafin alƙali ya kai usur baki.

Laifi tudu ne, in ji Hausawa. Hukumomin wasanni da suke tsawata wa 'yan wasa su ma suna da nasu, babban cikinsu shi ne auna mutane da mudu biyu. A Amurka, Tim Tebow, ɗan wasan zari-ruga irin tasu, ya rubuta Yohanna 3:16 a baƙin shafen da suke yi ƙarƙashin ido, a wasan ƙarshe na gasar jami'o'i a watan Janairu na 2009. Shekara mai zuwa hukumar wasannin jami'o'i ta hana rubutu a wurin. Da ya shiga gasar ƙwararru a Denver, durƙusonsa a kan gwiwa ɗaya ya zama abin kwaikwayo a faɗin ƙasar a 2011, waɗansu suna yabo waɗansu suna ba'a, amma babu alƙalin da ya hukunta shi. A watan Satumba na 2014 Husain Abdullah na Kansas City, Musulmi, ya ci maki ya zame ya yi sujada, alƙali ya ci ƙungiyarsa tarar yadi 15. Gari ya waye hukumar NFL ta ce kuskure ne, bai kamata a hukunta shi ba. Na yaba musu da saurin gyara, domin da an bar shi haka da kowane yaro ya koyi cewa gwiwa iri biyu ce.

A Ingila abin juyawa ya yi. A ƙarshen 2024 aka buƙaci kyaftin-kyaftin na gasar Firimiya su ɗaura kambun hannu mai launin bakan gizo, alamar goyon bayan masu neman jinsi ɗaya. Sam Morsy ɗan Masar, kyaftin ɗin Ipswich a lokacin, Musulmi, ya ƙi ɗaurawa saboda addininsa, ba a taɓa shi ba. Marc Guéhi, kyaftin ɗin Crystal Palace a lokacin, haifaffen Abijan kuma ɗan fasto, ya ɗaura amma ya rubuta a kai cewa yana ƙaunar Yesu. Hukumar ƙwallon Ingila ta tunatar da shi doka, a wasa na gaba ya sake rubuta cewa Yesu yana ƙaunar mai karantawa. Ba a dakatar da shi ba. Bisa harafin doka hukumar tana da gaskiya, domin Morsy bai rubuta komai ba, Guéhi ya rubuta. Amma Kirista da yawa suka yi tambayar da ban ji an amsa ta da kyau ba: idan fili ba wurin saƙo ba ne, me ya sa hukuma take kawo nata saƙon ta ɗaura wa mutum a dantse? Daɗin daɗawa, rigunan da aka ce sun fi ƙarfin sunan Yesu sun shafe shekaru suna ɗauke da tallan kamfanonin caca, sai a 2023 ƙungiyoyin Firimiya suka amince su cire shi daga gaban riga bayan kakar 2025 zuwa 2026.

Waɗansu hukunce-hukuncen ma sun fi ban haushi. Neymar ya ɗaura ƙyalle a goshi mai cewa shi na Yesu ne ɗari bisa ɗari, bayan Barcelona ta ci Kofin Zakarun Turai a Balin a 2015. Da FIFA ta nuna hoton a bikinta na watan Janairu na 2016 sai ta goge rubutun. Hana abu daban, goge abin da ya riga ya faru daban, na biyun ƙarya ce da hoto. A 2024 kuma hukumar wasan judo ta duniya ta dakatar da Nemanja Majdov ɗan Sabiya wata biyar bayan Olamfik na Paris, alamar gicciye da ya yi yayin shiga fili tana cikin laifukan da aka lissafa. Adalci ya sa in ƙara da cewa an lissafa har da ƙin rusuna wa abokin karawarsa, kuma an taɓa yi masa gargaɗi. Ƙin rusunawar ya cancanci horo. Gicciyen, a ganina, da an bar shi.

Akwai shari'a ɗaya da ta taɓa ni fiye da sauran, ko da yake ba ta ƙwararren ɗan wasa ba ce. Joseph Kennedy mai horar da yara ne a wata makarantar sakandare ta gwamnati a Bremerton, jihar Washington. Yakan durƙusa a tsakiyar fili bayan wasa, yara suna binsa. Hukumar makaranta ta hana, ya ƙi, aka dakatar da shi a 2015. A watan Yuni na 2022 Kotun Ƙolin Amurka, alƙalai 6 a kan 3, ta ce yana da 'yanci. Ba ni da ilimin jayayya da alƙalai, amma ina da ilimin aji. A cikin takardun shari'ar akwai uban da ya ce ɗansa yana shiga addu'ar ne don tsoron kada a daina sa shi a wasa. Da na ji wannan sai jikina ya yi sanyi, domin ni ma na taɓa zama Kennedy. Farkon fitowata daga kwalejin horar da malamai an ba ni riƙon wasanni, kafin kowane wasa nakan tara yara in ja musu addu'a irin ta gidanmu, ina ganin alheri nake yi. Bayan shekaru fiye da ashirin wani tsohon ɗalibina, yanzu magidanci ne a birni, ya ce mini cikin raha: “Malam, ni fa motsa baki kawai nake yi, don kada lamba tara ta kuɓuce mini.” Shi dariya ya yi, ni ban yi ba. Kaká idan ya durƙusa ba ya riƙe da makomar kowa. Malami da kociya da shugaban ƙungiya, kai har attajirin da ya sayi riguna, suna riƙe da ita.

To, mu dawo gida. Mu ba Denmak ba ne, kuma ba na fatan mu zama. A ƙasar nan ko taron raba taki da addu'a ake buɗe shi, wanda ya ce yaranmu su ajiye addini a bakin fili kamar takalmi ya nemi abin da ba zai yiwu ba. Mun saba ganin tawagar ƙasa ta yi da'ira, a yi addu'a ta wannan hanya a kuma yi ta waccan, kowa ya ce amin. Tawagar da ta ci zinariya a Atlanta a 1996, bayan ta doke Birazil 4 da 3 da Ajantina 3 da 2, tana da 'ya'yan Kaduna irin su Tijjani Babangida, Garba Lawal, Daniel Amokachi da Celestine Babayaro. Sunayen kaɗai sun isa su nuna cewa ba gida ɗaya suka fito ba. A daren nan babu wanda ya tsaya tambayar addinin wanda ya ci ƙwallo kafin ya yi ihu. Amma kuma ba za mu yi wa kanmu ƙarya ba, mun fi kusa da Glasgow fiye da yadda muke so mu yarda, waɗansunku sun taɓa kwana a barikin soja a biranen da kuke zaune, kun san abin da nake nufi.

Saboda haka shawarata ga kwamiti ita ce kada ya bi ko ɗaya daga cikin ɓangarorinsa biyu. Jikin yaro nasa ne. Ya durƙusa, ya yi alamar gicciye, ya yi sujada, ya ɗaga hannu, kada alƙali ya taɓa aljihu, kuma abin da aka yarda wa ɗan wannan unguwa a yarda wa ɗan waccan ba tare da ragi ba. Amma ya yi a nasa ɓangaren fili ko cikin abokansa. Wanda ya kwashi addu'arsa ya kai ta gaban 'yan kallon abokan hamayya, a ba shi kati saboda tsokana, a kuma rubuta a rahoto cewa tsokana aka hukunta, don kada gobe a ce addini aka hukunta. Riga kuwa ta unguwa ce, ta Musulminta da Kiristanta, a bar ta da suna da lamba, ciki da waje. Addu'ar buɗe gasa a ci gaba da yinta ta hanyoyi biyu kamar yadda muka gada, amma kada kociya ya tara yara ya ja musu tasa.

Sauran maganar taku ce, 'yan'uwa mazauna birane. Na bincika, singiletin nan na bara, na wannan ɓangare da na wancan, babu wanda aka buga a garin nan, domin ba mu da injin. Daga birni aka aiko su, cikin jaka ɗaya da takalma da ƙwallaye, kuma na san da kyakkyawar niyya aka aiko. Bana ma na ga riguna masu hoton ɗan takara a baya, wannan ita ma dokar da na faɗa ta hau kanta. Ina roƙon kowane reshe da zai ba da gudummawar kayan wasa ya miƙa su ta hannun sakataren kwamiti mako biyu kafin gasa, a duba su a gaban wakilan dukan unguwanni, sa'an nan a raba. Ni kuma na yi alkawari, idan rai ya kai, zan zauna da alƙalan wasa da kyaftin-kyaftin ranar jajibirin buɗe gasa mu karanta ƙa'idar tare, layi-layi, kamar yadda muke yi a aji.

Shugaban Taro, na ci lokaci fiye da wanda aka ɗiba mini, a gafarce ni. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.